Na haddace kalmomin Turanci 800, amma sakin layi ɗaya yana kayar da ni

Ɗan Gusau ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya hana ni sakat kwana biyu, na ga gara in kawo shi nan, ko Allah zai sa a dace da wanda ya riga ni bin wannan hanya.

Digirina na farko a fannin nazarin ƙwayoyin cuta na yi shi. Na gama bautar ƙasa shekara uku da suka wuce, yanzu ina koyar da Bayoloji a wata sakandare a nan Gusau. Burina in yi digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, a Amurka in Allah ya nufa, in ba ta samu ba Ingila. Biyu daga cikin jami'o'in da na sa wa ido suna neman sakamakon GRE, wato jarrabawar neman shiga karatun gaba da digiri na farko, don haka na shiga shafin ETS, masu shirya jarrabawar, na yi gwajin da suke bayarwa kyauta. A ɓangaren lissafi na samu 158. A ɓangaren Turanci kuwa 143, alhali makin daga 130 yake farawa ya tsaya a 170.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba zaune nake ba. Kusan wata uku ke nan kullum bayan sallar Asuba nake ɗaukar littafin rubutu, in ja layi a tsakiyar shafi, hagu kalmar Turanci, dama ma'anarta da Hausa. Kalma goma a rana. Na cika littafi biyu, kalmomi sun haura 800. Ka tashe ni daga barci ka tambaye ni *laconic* ko *obfuscate*, zan ba ka amsa. Amma da zarar an ajiye mini sakin layi a gaba, agogo yana tafiya, sai kaina ya ɗaure.

Bari in ba ku misali. Daren jiya babu wuta, iyali sun yi barci, ina zaune a tabarma da fitilar caji. Na ci karo da jimla mai kama da wannan: *The decline in cases can hardly be attributed to the vaccine alone.* Babu kalma ko ɗaya a cikinta da ban sani ba. Na karanta na ce to, allurar rigakafi ce ta rage masu kamuwa da cutar, na zaɓi amsar da ta faɗi haka. Ashe marubucin akasin haka yake nufi: da wuya a ce allurar ce kaɗai. Kalmar *hardly* ce na tsallake kamar babu ita, don idona ya ga *hard* ya wuce. Na daɗe ina kallon shafin nan. Ni da nake tsayawa gaban ɗalibai kullum ina koyarwa da Turanci.

Gaskiyar magana, a jami'a da handawut muka yi karatu. A ba ka shafi talatin, ka haddace, ka mayar wa malami abinsa ranar jarrabawa. Ban taɓa karanta maƙalar bincike tun daga farko har ƙarshe ba sai lokacin aikin kammalawa, shi ma gabatarwa da kammalawa kawai nake dubawa.

To 'yan uwa, in ci gaba da haddar nan ko in bari? Kalma nawa ake buƙata kafin mutum ya karanta irin rubutun nan ba tare da ya tsaya ba? Kuma me zan riƙa karantawa? Wata biyar gare ni. Ba ni da kuɗin shiga ajin horo, kuɗin rajistar ma da dala ake biya, tara shi nake da kaɗan-kaɗan daga albashi, ba na son in zauna sau biyu.

Malamar Turanci ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko ka kwantar da hankalinka. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da Turanci ga 'yan shekarar farko a jami'a, kuma abin da ya same ka daren jiya shi ne abin da nake gani a takardun ɗalibaina masu ƙoƙari, ba malalata ba. Tunda har ka gano da kanka cewa *hardly* ce ta kayar da kai, ka kama bakin zaren.

Ka dubi harshenmu. A ce wani baƙo ya haddace sunayen abubuwa dubu a Hausa, ya san rariya, ya san mangala, ya san akushi. Sai ka ce masa "ya zo dai", gobe ka ce "ya zo ma", jibi ka ce "da ƙyar ya zo". Shi duk abu ɗaya ya ji: mutum ya zo. Amma ni da kai mun san magana uku ce daban. Turanci ma haka yake. Akwai 'yan ƙananan kalmomi da suke juya akalar jimla, irin su *hardly, scarcely, yet, whereas, unless, albeit, rather than*. Ba sa cikin jerin manyan kalmomin da ake haddacewa don kowa yana ganin ya san su, amma a kansu ake ɗana tarkon tambaya. Tare da su akwai kalmomin taka-tsantsan da masu bincike ke amfani da su: *may, suggest, appear, tend to*. Idan marubuci ya ce sakamakonsa *suggests* wani abu, alama kawai ya ce ya gani. Duk amsar da ta zo maka da *proves* ko *always* ta ɗora masa abin da bai faɗa ba, komai kyanta a ido.

Wani ramin kuma shi ne kalmar da ka sani tun firamare, amma a rubutun ilimi ta sauya riga. *Qualify* a wurinmu cancanta ce, amma idan marubuci ya yi *qualify* ɗin maganarsa, iyaka ya sa mata, ya rage mata ƙarfi. *Arrest* ba kamun 'yan sanda kaɗai ba ne, tsayar da yaɗuwar abu ma haka ake ce masa. *Novel* sabo. *Significant* kuwa kai da za ka shiga lafiyar al'umma za ka sha haɗuwa da ita, kuma a rahoton ƙididdiga ba babba take nufi ba, tana nufin da wuya a ce bambancin da aka gani dace ne kawai. Littafinka mai layi a tsakiya ba zai taɓa kama waɗannan ba, domin kalma ɗaya ma'ana ɗaya ya koya maka.

Batun kalma nawa, akwai masu bincike da suka yi aiki a kai. Paul Nation, malami a Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar New Zealand, ya nuna a shekarar 2006 cewa kafin mutum ya karanta jarida ko littafin Turanci cikin natsuwa ba tare da taimako ba, sai ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafin, kuma hakan yana buƙatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Dangin kalma shi ne uwa da 'ya'yanta, kamar yadda karanta, karatu, makaranta da makaranci suke gida ɗaya. Ka yi lissafin da kanka tunda lissafi ya karɓe ka: a shafi mai kalma 300, kashi 98 yana nufin baƙin kalmomi shida ne kawai. In ka sauko kashi 95 sun zama goma sha biyar, kusan kowane layi biyu sai ka yi tuntuɓe. Wannan adadi ba a tara shi da goma-goma bayan Asuba. Karatu mai yawa ne ke kawo shi, don kalma ba ta zama taka sai ka sake haɗuwa da ita a wurare daban-daban.

In jerin kalmomi kake so, akwai wanda ya fi naka amfani. Averil Coxhead, ita ma a jami'ar Wellington ɗin, ta fitar da shi a shekarar 2000, ana kiransa Academic Word List. Ta tattara rubutun ilimi mai kalmomi kusan miliyan uku da rabi daga fannoni daban-daban, ta tsamo dangin kalmomi 570 da suka fi yawo a cikinsu, ta kasa su rukuni goma. Su kaɗai suna cinye kusan kashi 10 cikin 100 na shafin rubutun ilimi. Kyauta yake a intanet. Za ka buɗe rukunin farko ka ga *assume, derive, evident, factor*, ka ce ai na san su. Gwada kanka: rufe shafin, ka gina jimla da kowace, sannan ka faɗi bambancin *assume* da *infer*. A nan za ka san wadda ka sani da wadda kuke gaisawa kawai a hanya.

Ga abin da nake sa ɗalibaina, kuma shi zan so ka yi daga gobe. Maƙala ɗaya a rana, wadda marubucinta yake kare wani ra'ayi, ba labarin abin da ya faru jiya ba. Shafin The Conversation kyauta ne, malaman jami'a ne ke rubuta shi, kuma yana da sashen Afirka. Mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ma kyauta ce, ga ta a fanninka. Amma kada ka tsaya a lafiya kaɗai, don GRE za ta iya kawo maka tarihin zane ko nazarin adabi. Karatun farko kada ka taɓa ƙamus. In ka gama, ka kife wayar, ka rubuta layi biyu da Hausa: me mutumin nan yake cewa, kuma maganar wa yake rusawa? Na ce da Hausa da gangan. In da Turanci ne za ka kwafo jimlolinsa ka zaci ka fahimta, amma Hausa ba za ta rufa maka asiri ba. Sai ka koma karatu na biyu da biro, ka zagaye duk inda akala ta juya. Daga nan ka ɗauki kalma biyar kawai, kowace tare da jimlar da ka same ta a ciki, ka duba su a ƙamus na Turanci zuwa Turanci irin na masu koyo, na Oxford ko na Longman, waɗanda suke ba da misalai.

Ɗalibi a Ingila ya amsa:

Malam, Anti ta gama magana kan karatu. Ni ta gefen aljihu zan shigo, don na san zafin tara dala da albashin koyarwa.

Kafin ka biya ko sisi, ka sake buɗe shafin sashen da kake nema, ba shafin jami'ar gaba ɗaya ba. Tun wajen 2020 sassa da yawa a Amurka suka daina tilasta GRE, kuma makarantun lafiyar al'umma suna cikin waɗanda suka fi yin haka. Wani lokaci tsohon bayani ne yake yawo. In ka ga abin bai fito fili ba, ka aika musu saƙon imel, suna amsawa.

A Ingila kuwa mafi yawan kwasa-kwasai ba ruwansu da GRE, shaidar iya Turanci suke so. Jami'o'i da dama suna karɓar C6 ko sama da haka a Turancin WAEC daga ɗan Najeriya, wasu da sharaɗin kada takardar ta tsufa da yawa. Waɗanda ba sa karɓa IELTS suke nema, wato jarrabawar gwada iya Turanci, galibi maki 6.5. In ita za ka yi, ɓangaren karatunta dogayen rubutu uku ne, tambaya 40, minti 60. Ka ci kusan 30 ka samu 7, kusan 23 kuma 6. Sakamakonta shekara biyu yake yi, na GRE biyar, don haka kada ka yi gaggawar zama IELTS tun kafin ka shirya neman gurbi.

Abin da ya wahalar da ni a cikinta shi ne tambayar da za a ce ka faɗa ko magana gaskiya ce, ko ƙarya, ko ba a ambata ba. Rubutu ya ce manoman wani yanki sun fara noman rani. Tambaya ta ce amfanin gonarsu ya ƙaru. Ni ɗan manomi ne, na san haka abin yake, sai in danna gaskiya. Amma rubutun bai faɗa ba. Sai da na koyi ajiye abin da na sani a bakin ƙofa.

Ni da WAEC na samu gurbi a ƙarshe, kuma ina gaya maka tsakani da Allah, samun sauƙin nan bai raba ni da matsalarka ba, jinkirta ta kawai ya yi. Makon farko aka ba mu maƙala shida mu karanta kafin zama na gaba. Ranar na kai ƙarfe uku na dare ban gama ta biyu ba, na shiga aji na yi shiru har aka tashi. Ko jarrabawar ta faɗi daga kanka, kada ka bar abin da Anti ta ce.

Badamagare ya amsa:

Salamu alaikum. Ni daga Damagaram nake, da Faransanci na yi karatu tun daga firamare har jami'a a Yamai, Turanci daga baya na kama shi, kuma na zauna GRE. Ina neman afuwar Malama, akwai wuri ɗaya da ban bi ta ba. Ɗan uwa, kada ka jefar da littattafanka biyu.

Ɓangaren Turancin GRE tambaya 27 ne a minti 41, tun da aka gajarta jarrabawar a watan Satumba na 2023. Kusan rabi auna fahimta ne, nan maganar Malama ba ta da na biyu. Sauran rabin kuwa cike gurbi ne. Akwai wadda za a ba ka jimla ɗaya da kalmomi shida, ka zaɓi biyu da za su ba da ma'ana iri ɗaya, in ka ci ɗaya ka faɗi ɗaya babu maki. A nan ko ka fahimci jimlar sarai, in huɗu daga cikin shidan baƙi ne gare ka, ka tsaya. Kuma irin kalmomin nan ba za ka haɗu da su sau da yawa a wata biyar na karatu ba. Hadda tana da wurinta.

Yadda kake haddar ne matsala. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san hadda ba tilawa zubewa take. Kai kullum sabon allo kake rubutawa, ba ka komawa baya. Akwai manhaja mai suna Anki, kyauta ce a kwamfuta da wayar Android, kuma tana aiki ko babu data. Kalmar da ta ba ka wuya za ta dawo maka da ita gobe, wadda ta zauna sai bayan mako, sannan wata. Tilawa ce aka tsara. Ka kwashe 800 ɗinka ka zuba, amma kowace da jimlarta, kamar yadda Malama ta ce.

Abu na biyu saiwa. Manyan kalmomin Turanci yawancinsu daga Latin suka zo, da yawa ta hanyar Faransanci, tun bayan da Normawa suka ci Ingila a 1066. Shi ya sa *ameliorate* ba ta ba ni tsoro ba, mu yara ma sun san *améliorer*. Kai ba ka da Faransanci, amma in ka yi Islamiyya ka san yadda kataba, kitab, katib da maktab suka fito daga tushe ɗaya. Haka za ka yi da *bene* alheri, *mal* sharri, *loqu* magana, *cred* yarda, *circum* kewaye. Ka haɗa biyu ka ga *circumlocution*, kewaye-kewaye a magana. Sai dai saiwa hasashe take ba ka, ba tabbas ba. Ni Faransancin da ya taimake ni shi ya sha yaudarata: *eventually* na daɗe ina ɗaukarta a matsayin wataƙila, don haka 'yar uwarta take a Faransanci, ashe a Turanci daga ƙarshe take nufi.

Ɗan Gusau ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan mahaifa. Na yi shiru mako uku ne don ina son in dawo da abin faɗa.

Na aika imel kamar yadda ɗan uwa na Ingila ya ce. Jami'a ɗaya ta amsa cewa GRE ba dole ba ce yanzu, ɗayar tana nan a kan bakanta, kuma ita ce mai tallafin da nake hange, don haka zan zauna. Kalmomin na zuba su a Anki, na kai 310, don nemo wa kowace jimla yana cin lokaci. Abin da ya ba ni mamaki, kusan rabin waɗanda na haddace a watan farko sun zube ban sani ba.

Layi biyun nan na Hausa kuwa, Anti, sun tona ni. Ranar farko na karanta wata maƙala kan zazzaɓin cizon sauro, na kife waya, na riƙe biro, na kasa rubuta komai sai "yana magana a kan gidan sauro". Da na koma sai na ga sakin layi uku na farko duk ra'ayin wasu yake kawowa, nasa bai fara ba sai bayan wata *yet* a tsakiyar shafi. Yanzu har 'yan ajina na SS2 na fara sa su yin haka da littafin Bayoloji, ranar Alhamis.

Saura abu ɗaya. Fahimtar ta fara zuwa amma ina da nawa. Maƙala mai kalma 900 tana cin mini minti 25 a karatun farko. In fara sa agogo tun yanzu?

Malamar Turanci ta amsa:

Amin ƙanena, na ji daɗi ƙwarai, musamman batun 'yan ajinka. Kada ka sa agogo tukuna, ka ƙara mako huɗu a haka. Sauri da aka ɗora kan fahimtar da ba ta nuna ba shi ne ya sa ka tsallake *hardly*. Abin da za ka lura da shi yanzu shi ne ko leɓɓanka suna motsi in kana karatu, da kuma sau nawa idonka yake komawa farkon layi. In jimla ta yi tsawo, nemo mai aikin da aikatau tukuna, ka tsallake abin da ke tsakanin waƙafi biyu, sannan ka dawo masa. Gwajin ETS na biyu kuma ka adana shi, kada ka taɓa sai ya rage saura wata biyu, ka yi shi zama ɗaya da rana, a lokacin da za ka zauna ta gaske. In ka yi, ka kawo mana tambayoyin da ka faɗi, ba makin kaɗai ba, mu duba su tare ɗaya bayan ɗaya.